Ikko Zuwa Kano: Wata Bakwai, Kwana Uku, Awa Ɗaya Da Rabi

Wata magana ce aka yaɓa wa mahaifina a wurin zaman makoki a Kano, hunturun da ya wuce, ita ta sa na zauna na yi wannan rubutu. Wani dattijo ne cikin dangi, bayan an shafa fatiha, ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, ai Ikko da Kano yanzu awa ɗaya da rabi ne." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma duk wanda ke kan tabarmar ya gane inda aka dosa, domin mahaifiyar Baba ce ta rasu, kuma ba mu sami jana'iza ba. Baba bai tanka ba. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, har na dawo gida na dinga tambayar dattawa da duba littattafai, ina son in san yaushe ne Ikko da Kano suka zama awa ɗaya da rabi, kuma ga wa suka zama haka.

A Agege aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, a nan nake taya Baba zaman rumfar goro. Duk wanda ya san Agege ya san cewa filin jirgin saman Ikeja maƙwabcinmu ne. Tun muna yara jirgi ke katse mana karatun allo, malam ya yi shiru sai ƙarar ta wuce sannan ya ci gaba. Abin mamaki kuma, filin da ake tashi sunan Murtala Muhammed gare shi, wanda ake sauka kuma sunan Malam Aminu Kano, wato ka tashi daga hannun Bakano ka sauka a hannun Bakano. Shi kansa Janar Murtala da aka kashe shi a Ikko ranar 13 ga Fabrairu 1976, a jirgin sama aka ɗauki gawarsa zuwa Kano aka yi masa sutura.

To bari mu fara da lissafi. Idan aka ja zare miƙe daga wannan fili zuwa wancan, nisan bai wuce kilomita 835 ba, ko kusa da haka. Jirgin fasinja na cinye shi cikin awa ɗaya da minti ashirin zuwa awa ɗaya da rabi. Ka ga ke nan dattijon bai yi ƙarya ba. A kan kwalta kuwa tafiyar ta kai kilomita dubu, ta ma ɗara idan direba ya zaga ta Lokoja da Abuja. Layin dogo na da, wanda Turawa suka shimfiɗa, ya kai kilomita 1,126. Gari biyu ne, amma nisa uku gare su, ya danganta da abin da mutum ya hau. Agogonmu ɗaya da na Kano, amma ranarmu ba ɗaya ba ce, domin Kano ta fi mu gabas. Da azumi sai mu kira gida mu ji sun riga sun kai dabino baki, mu kuwa da sauran minti goma, wani lokacin kusan rabin awa, gwargwadon watan da azumin ya faɗo.

Shekara 200 da suka wuce wani Baturen Birtaniya mai suna Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, ya tashi daga Badagry a watan Disamba 1825 yana neman zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya bi ta tsohuwar Oyo, ya shiga Bargu, ya ƙetare Kwara a wajajen Busa, ya bi ta Zariya, bai shiga Kano ba sai a watan Yuli 1826. Wata bakwai da 'yan kwanaki. Gaskiya ne ba tafiya zalla ya yi ba, sarakuna sun riƙe shi makonni, zazzaɓi ya kashe wasu abokan tafiyarsa tun ba a yi nisa ba, ga kuma yaƙe-yaƙe a kan hanya. Amma ai ita tafiyar wancan zamani haka take ga kowa, jira da ciwo da neman izinin wucewa duk cikin lissafi suke. Shi kansa bai koma gida ba, a Sakkwato ya mutu a 1827.

Sai dai ni ba Bature ne ya fi damuna ba. Fatake nake son mu duba, domin su ne kakanninmu, kuma sana'arsu muke ci har yau. A wancan lokacin Bakano mai neman goro ba Ikko yake nufa ba, Gwanja yake nufa, wato kasuwar Salaga da ke arewacin Ghana ta yau, inda goron dajin Asante ke fitowa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka yi suna a wannan fatauci. Ayari kan tashi bayan damina ta ɗauke, madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya, jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini da fatu. Ana sammako a yi ta tafiya har rana ta take, sannan a yada zango. Kowane gari da kuɗin da za a biya kafin a wuce, kowane kogi da kuɗin fito. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani sa'in shekara guda.

In mai karatu bai taɓa riƙe goro ba, ba zai gane wahalar da ke cikin wannan ba. Goro abu ne mai rai. Ka bar shi ya sha iska, ya bushe ya yi tauri. Ka cika masa ruwa, ya ruɓe. Sankara ta shiga guda ɗaya, in ba ka tsince shi da wuri ba ya ɓata maka ƙwarya guda, daga nan ya ci huhun. Mu da muke da rumfa da inuwa da ruwan famfo, duk bayan 'yan kwanaki sai mun kwance huhu mun tsince, mun sake ganye, mun yayyafa ruwa, mun ɗaure. To a ce wannan aiki ne za ka yi ta yi a daji, wata uku, kana korar jaki, kana tsoron 'yan fashi. Shi ya sa goro ya kasance abin sarakuna da attajirai a Kano ta da, shi ya sa kuma har yau ake cewa "goron sallah" da "goron gayyata" ko da kuɗi ko kati aka bayar. Tsadarsa ba daga itacen take ba, daga kwanakin hanya take.

Na ɗan yi wani lissafi da ya ba ni dariya. A ce ayari na cin kilomita ashirin a yini. Jirgin sama kuwa, in ka raba 835 da minti tamanin, yana cin kilomita goma da ɗoriya a kowane minti. Wato zango guda na fatake, da sammakonsa da ƙishirwarsa da kaushin ƙafarsa, minti biyu ne a sama. Kafin ma'aikaciyar jirgi ta miƙo maka ruwa ka shanye, ka wuce tafiyar mako guda.

Yaya aka yi hanyar goro ta juyo Ikko? Turawa sun ci Asante da yaƙi a 1874, Salaga kuma ta rushe a yaƙin basasa na 1892. Sai goron ya fara bin teku, a loda shi a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas a sauke a Ikko, Hausawa su saya su yi arewa da shi ta Ilori da ƙasar Nufe. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka fara amfani da wannan hanya ta ruwa. Daga baya manoman Yarbawa suka karɓi irin goron Gwanja suka dasa a wajajen Agege da Ota, ya bazu zuwa Shagamu da ƙasar Ijebu. In ka ji ana tambaya me ya kawo Hausawa Agege, to amsar ke nan, goro ne da tashar jirgin ƙasa.

Shi layin dogo an fara shi daga Ikko a 1896, ya kai Badun a 1901, ya kai Jabba a 1909. A arewa kuma wani layin daban aka ja daga Baro, bakin Kwara, ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka haɗe su a Minna. Da farko babu gada a Jabba, jirgin ruwa ne ke ɗaukar taragai ya tsallakar da su, sai wajajen 1916 aka gama gadar. Daga nan tafiyar da ke cin watanni ta koma kwana biyu zuwa uku.

A ganina wannan ne babban juyi a tarihin hanyar nan, ba zuwan jirgin sama ba. Dalilina shi ne jirgin ƙasa ya ɗauki talaka da kayansa. Huhun goro ya shiga tarago, buhun gyaɗa ya shiga, saniya ma ta shiga. Masu koro shanu da ƙafa, dattawa sun ce sukan yi wajen kwana arba'in kafin su kai Badun, shanun na ramewa, ƙudan tsando na sa musu sammore, dole a sayar da su da gaggawa kafin su faɗi. Tarago ya rage wannan asara. Madugu da jagaba aikinsu ya ƙare, sai zamanin maigida da dillali ya shigo, mutumin da zai zauna a Kurmi ya sauki baƙi, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a kan bashi. Haka aka kafa Sabo a Badun a 1916, kusan lokacin da mutanen kudu su ma suke kafa Sabon Gari a Kano. Layi ɗaya ne ya haifi unguwannin biyu, kowa ya je ya zama baƙo a garin ɗan'uwansa.

A wannan jirgin kakana ya zo Agege, kafin a sami mulkin kai, yana saurayi, da tabarma da buta da sunan maigidan da zai sauka a wurinsa. Baba ya ba ni labari cewa lokacin da mahaifin kakan nawa ya rasu a Kano, wani ɗan kasuwa ne da ya rako kaya ya zo masa da wasiƙar ajami. Kafin wasiƙar ta iso, kafin ya tattara bashin da yake bi ya sami kuɗin tikiti, kafin jirgi ya kai shi, an riga an yi sadakar bakwai. Da ya isa, mutane tashi suka yi suna masa sannu da hanya, ana cewa ya yi ƙoƙari, ana nuna shi ga yara a matsayin ɗa mai zumunci. Babu wanda ya ce masa ya makara. Waɗanda suka gabace shi kuwa, fataken Gwanja, kakata Hajiya ta sha gaya mana cewa kafin su tashi sai sun bi gida-gida an yafi juna, sun bar wasiyya, wasu har da likkafaninsu cikin kaya. In mutum ya dawo ya tarar babu uwa ko babu uba, sai a kai shi ya ga kabari, a yi addu'a, shi ke nan.

Jirgin sama kuwa, abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba daga Ikko ya fara zuwa Kano ba. Daga gabas ya ɓullo. A watan Nuwamba 1925, kusan shekara ɗari bayan tasowar Clapperton daga Badagry, wasu jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar, suka bi ta Sudan da Chadi, suka sauka a filin sukuwa na Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja daga Hartum zuwa Kano, ya haɗa ta da layin da ke zuwa Landan, sai daga baya cikin shekarar aka miƙa layin zuwa Ikko. Ka ji fa, Kano ta riga Ikko. Kuma jirgin wancan lokaci ba ya yin tsalle ɗaya kamar na yanzu, sai ya sauka Kaduna, ya sauka Minna, ya sauka Oshogbo. Shi ma zango-zango yake yi kamar fatake. Lokacin yaƙin duniya na biyu hanyar ta ƙara cika, domin daga 1940 ana harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri har Alƙahira. Bayan yaƙi aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma a 1946, sannan Nigeria Airways a 1958, wanda ya durƙushe a 2003.

Amma duk wannan tarihin wa ya ɗauka? Jami'an gwamnati, manyan 'yan kasuwa, alhazai. Huhun goro bai taɓa zama fasinjan jirgin sama ba. Da reluwe ta lalace, kayanmu kan tirela suka koma, mu kuma muka koma motar dare. An sake buɗe jirgin Ikko zuwa Kano a Disamba 2012, ana ta murna, amma tafiyar awa talatin ce ko fiye, wato kusan abin da kakana ya yi. Sabon layin zamani da aka buɗe a 2021 ta gabanmu yake wucewa a Agege, amma a Badun ya tsaya. Saboda haka a gidanmu, in an ce za a je Kano, abin da ake nufi shi ne Badun, Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jabba, Mokwa, sannan direba ya yanke shawara ko zai bi ta Birnin Gwari ko zai zaga saboda tsoron hanya. Yini da kwana, in mota ba ta lalace ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ya faru da mu. Bayan sallar asuba Baffa ya kira ya ce Hajiya ta cika. Baba bai taɓa hawa jirgin sama ba in ban da zuwansa Makka, ni kuwa ban taɓa ba sam. Ya buɗe akwatin da yake ajiye kuɗin masu kaya, ya ƙirga, ya ce in tashi mu tafi, zai biya su daga baya. Kuɗin tikitinmu mu biyu ya haura ribar da rumfar ke kawowa a wata. Kafin ƙarfe takwas muna filin jirgi, domin daga gidanmu ba nisa. Aka ce jirgi zai tashi sha ɗaya. Baba ya kira Baffa ya ce, "Yaya, ku jira ni zuwa azahar, ina tafe."

Sha ɗaya ta yi aka ce a ƙara haƙuri, hazo ya rufe Kano, matuƙi ba zai ga filin sauka ba. Sha biyu haka. Ƙarfe biyu haka. Duk wanda ya yi hunturu a Kano ya san irin wannan rana, ƙura ta taso daga hamada ta rufe gari har ba ka hango ƙarshen layinku. Wasu fasinjoji suka tashi da faɗa, suna buga tebur. Wani dattijo da ke kusa da mu ya ce su bi a hankali, ya tuna musu da jirgin alhazai na Janairu 1973, wanda Ikko zai sauka aka karkatar da shi Kano saboda yanayi, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Wurin ya ɗan yi shiru.

Baffa ya riƙe jana'iza har aka yi azahar, mutane na zaune a ƙofar gida, liman na tambaya. Wajen ƙarfe uku ya sake kira. Ina jin muryarsa ta wayar yana cewa, "Alhaji, ya za mu yi? La'asar ta gabato." Baba ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Ku kai ta, Yaya. Kada ku riƙe ta saboda ni. Haƙƙinta ne." Ya kashe wayar ya sa a aljihu, ya tashi ya nemi wurin alwala. Ƙarfe biyar aka ce an soke tashin gaba ɗaya.

Daga filin jirgi tasha muka wuce, muka sami motar dare. Mun ƙetare gadar Jabba cikin duhu, mun yi asuba a hanya, mun shiga Kano washegari bayan la'asar, fuska da gashin ido duk sun yi fari da ƙura. A daren nan ne, a kan tabarmar makoki, dattijon ya faɗi maganarsa.

Na daɗe ina jin haushinsa, amma da na bi tarihin nan sai na rage. Shi abin da ya sani shi ne akwai jirgi, kuma mutumin Ikko mai kuɗi ne, domin haka ake ɗaukarmu a gida. Kakana ya zo bayan kwana bakwai an ce ya yi zumunci. Baba ya zo bayan kwana ɗaya an ce ya makara. Ba komai ya jawo haka ba sai wannan awa ɗaya da rabi, wadda tun da ta samu ta zama ma'aunin da ake auna kowa da shi, da wanda ke da kuɗin tikiti da wanda ba shi da shi, da ranar da sama ta buɗe da ranar da ta rufe. Waya ma ta ƙara nata, domin da can labari da mutum tafiyarsu ɗaya, yanzu kuwa labari na isowa cikin daƙiƙa ya bar ka zaune a kan benci kana kallon agogo, kana jin ana cewa an ɗauke ta, an sallace ta, an dawo. Mu kuma 'yan Kurmi da mu ake wannan awo kullum, ranar suna, ranar ɗaurin aure, ranar mutuwa.

Da safe Baffa ya kai mu maƙabarta. Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba, an kafa ɗan reshe a wajen kai. Baba ya tsuguna ya daɗe yana addu'a, ni ina tsaye a bayansa. Hazon ya ɗan sassauta a ranar, har muka ji ƙarar jirgi yana saukowa ta wajen filin Malam Aminu Kano, amma ba mu gan shi ba. Bayan sadakar uku muka hau mota muka dawo, domin akwai huhu goma sha biyu a rumfa da ba a kwance ba tun ranar da muka tafi, kuma da muka buɗe mun tarar sankara ta riga ta shiga biyu.